Kurkunun da Ya Tsinke a Tseren Dakoro

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar ni da ƙafafu biyu, ko da yake guda ce kawai ke jin maganata. Sunana Isuhu. An haife ni a wani ɗan ƙauye arewa da Dakoro, inda in mutum ya fita da hantsi yana isa gari kafin rana ta take. Abin da zan faɗa ya faru zamanin Faransi, ba a daɗe da kafa bariki a Dakoro ba. Na rubuta shi don samari masu raina ɗan ƙurji, kuma don a san abin da mahaifina ya yi mini.

Ni mutum ne mai son gudu. Ba sana'a ba ce, ba wanda ya koya mini. In maraƙi ya ɓalle, ni ake kira. Wani lokaci ma ba dalili, in na taso daga gona da marece sai in saɓa hauya in sheƙa har gida, don kawai ina son jin iska a kunnena. A lokacin na ɗan haura shekara ashirin, na yi aure, matata Habsu tana da cikin fari.

Ni ne ɗan fari wurin Baba. A gidanmu kuwa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma guda da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye in da wata hanya. In Baba yana son in kai awaki rijiya, sai ya dubi Inna ya ce, "A gaya ma wancan awaki na jin ƙishirwa." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar.

Kowace shekara in damana ta zauna, Nasara suna da wani biki nasu. A ɗaga tuta, 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, su yi waƙa, a yi kokawa, a yi tseren raƙuma da na ƙafa. Shekarar nan kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya ce kowane maigari ya aiko da saurayi mai gudu. Gardin bariki mai jar hula ya zo ƙauyenmu, maigari bai yi dogon tunani ba ya ba da sunana. Na ji daɗi ƙwarai. Na daɗe ina son in san ko a duk ƙasar akwai wanda ya fi ni.

Ana saura 'yan kwanaki, idon sawuna na dama ya fara ƙaiƙayi da zafi kamar an ɗora garwashi. Ƙurji ya fito, ya fashe, sai ga wani ɗan farin kai kamar zare. Kurkunu ne. A wancan zamani ba mai ɗaga kai don kurkunu, duk damana za ka ga mutane suna ɗingishi zuwa gona da tsinke ɗaure a ƙafa. Inna ta kama kan a hankali ta naɗe shi a tsinke, ta rufe da tsumma.

Baba yana gyaran ƙotar hauya, bai ɗago ba ya ce, "A gaya ma wancan mai kurkunu ba ya gudu."

Inna ta ce, "Maigari ya riga ya ba da suna. In bai tahi ba gardi ya dawo, ka san aikin hanya za su kai shi, ga noma."

Baba ya ci gaba da gyaran ƙotarsa.

Ranar bikin aka tara mu a gindin wani babban gawo da ke kan hanyar Maraɗi, can nesa da gari. Hanyar ba komai ba ce illa sawun ƙafar mota biyu cikin rairayi. Aka ce daga nan za mu taso, wanda ya fara taɓa sandar tuta a bariki shi ya ci. Akwai manyan 'yan lakwal da gajerun wanduna, akwai Fulani, akwai wasu gardawan bariki da suka tuɓe takalma, akwai kuma wani Buzu dogo daga wajen Tagriss wanda aka yi aka yi ya cire rawani ya ƙi. Na ƙara ɗaure tsummana da kyau. Gardi ya harba bindiga sama, muka zuba.

An yi ruwa kwana guda kafin nan, rairayi ya kwanta ya yi tauri, ƙafa ba ta nutsewa. Ban taɓa yin gudu mai daɗi kamar na ranar ba. 'Yan lakwal suka fita da ƙarfi, kafin mu wuce gonakin farko sun fara riƙe ciki. Na wuce su ɗaya bayan ɗaya. Hatsi ya kai gwiwa dama da hagu, mata masu noma suna ɗagowa suna guɗa. Zafin ƙafar ma na manta da shi. Can na waiga, ba kowa kusa sai Buzun nan da wani Bafulatani, numfashinsu a bayan wuyana.

Gab da shiga gari akwai wani kwari inda ruwan sama ya kwanta ya rufe hanya. Muka faɗa ciki. Sanyin ruwan ya ratsa ƙurjin har na ji daɗi. Amma tsumma ya jiƙe ya kwance, bakinsa yana ja a ƙasa ban sani ba. Muna fitowa ɗayansu ya taka shi. Na ji wani abu ya ja daga cikin naman ƙafata har zuwa ƙwauri, sa'an nan ya saki. Na duba, ba tsumma, ba tsinke. Kurkunu ya tsinke, sauran ya koma ciki.

Na san abin da wannan ke nufi, kowane yaro ya sani. Amma ga tuta can ina hange, ga kalangu, ga jama'a suna ihu. Na ci gaba. Buzu ya wuce ni a bakin kasuwa, na taɓa sandar a bayansa. Matar kumandan ta miƙo mini kan sukari da farar taguwa, tafinta ya tambayi sunana da na ƙauyenmu ya faɗa da ƙarfi, aka yi tafi. Na koma gida da ƙafa, kafin in isa tana nauyi kamar an ɗaura mini turmi.

Wayewar gari ban iya tashi ba. Ƙafar ta kumbura daga sawu har gwiwa, tana sheƙi, in an taɓa sai in yi ƙara. Zazzaɓi ya rufe ni, jikina duk ya yi borin jini, na yi ta amai. Makon farko gida ya cika da masu dubiya, kowa da maganinsa. Gwaggo ta ce baki ne, an faɗi sunana a bainar jama'a, ta yi ta turara ni har numfashi ya gagare ni. Wani ya ce a ɗaura ganyen tumfafiya da man shanu. Wani ya ce kashin shanu mai ɗumi yana jawo tsutsa waje. Duk an yi. Malam ya yi rubutu na sha. Daga baya aka kira wanzami ya yi sakiya: ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, Kawu, ƙanen Inna, ya danne mini kafaɗu, aka huda kumburin. Ihun da na yi an ce har rijiya an ji. Mugunya ta fito ta cika ƙoƙo, aka ce alhamdu lillahi, an samu. Kafin kwana biyu ta sake cika, ta fi da, kuma ta fara wari. Akuyar Inna ta tafi wurin wanzami, sukarin tsere ya tafi wurin malam.

Mako na biyu Baba ya ɗora ni a jaki zuwa ɗakin magani na Dakoro. Mun isa da hantsi muka tarar da mutane zube a gindin aduwa: masu ciwon ido, mata da jarirai masu zawo, masu kurkunu irina. Ma'aikaci guda ne, muna ce masa majo, mutumin bakin teku ne, Hausarsa a kakkarye. Sai la'asar aka zo kanmu. Da ya kwance ƙafar ya ga kashin shanu da ramin sakiya, ya yi wa Baba faɗa a gaban mata kamar yana yi wa yaro. Wannan ya ƙona mini rai har yau. Amma hannunsa yana da tausayi. Ya durƙusa ya wanke ciwon da wani ruwa mai launin shuni, bai toshe hanci ba, bai yi gaggawa ba ko da yake tun safe bai ci komai ba. Da ya gama ya ce, "Tsutsa ya mutu ciki. Ya ruɓe. Ni nan babu allura. Tafi Maraɗi, yanzu yanzu."

Da muka koma gida dangi suka taru a ƙofar ɗakina, suna tsammani barci nake yi.

Kawu ya ce, "Maraɗi ba su san komi ba sai yanka. Duk wanda ya tahi da ƙafa biyu da guda shika dawowa. In kwana ya ƙare, gara shi cika a gida da jikinshi cikakke."

Gwaggo ta ce, "Kuma wa zai yi maimai? Ciyawa ta fara cin hatsi. In ka bar gona yanzu, bana mi za a ci?"

Inna tana kuka ƙasa-ƙasa. Ina kwance ina jin ana maganar mutuwata da maganar ciyawa a zama guda, kuma na san duk gaskiya suke faɗa. Baba ya gama sauraronsu. Ya tashi ya fita. Washegari da yamma ya dawo babu karsanarmu, ita kaɗai ce saniyar gidan, yana jaye da wani takarkari na aro. Ya tsaya tsakar gida ya ce, "A gaya ma wancan gobe za mu tahi."

Da safe Habsu ta kawo gumba cikin ƙwarya ta ajiye kusa da ni. Cikinta ya fito sosai. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Kada ka sa gona a rai. Ni da Inna muna nan. Kai dai ka dawo."

Tafiyar nan ba na son tuna ta. An ɗaure ƙafar a jikin sanda, kowane taku na takarkari sai in ji kamar ana zare mini ƙashi. Ƙudaje suna bin mu kamar mushe. In muka zo gari, yara su matso su gani, wari ya kore su. Ruwan sama ya kama mu a fili ba itace ba bukka, Baba ya tuɓe rigarsa ya rufe ƙafar, shi ya tsaya da ɗan wando ruwa yana dukansa. Da yake ba Inna a hanya, sai ya koma yin magana da takarkari. Ya dubi dabbar ya ce, "A tambayi wancan ko shina son ruwa." Ni kuma in ce, "Ina so." Abin da ya fi mini ciwon zafi shi ne lokacin biyan buƙata. Dole ya sauke ni, ya riƙe ni ta baya, ya kau da kai. Mutumin da ban taɓa zama kusa da shi ba, ga shi yana wanke ni da hannunsa. Na roƙi Allah ya ɗauki raina kafin a sake. Aka sake, ba sau ɗaya ba.

A Sabon Maci muka bar takarkari wurin wani da Baba ya sani, muka samu babbar motar kaya ta wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi da fatu. Aka shimfiɗa ni a kan fatun. Motar ta kafe a laka ya fi a ƙirga, kowane karo Baba yana cikin masu turawa, tsoho da furfura, laka har cinya. Ni ina sama ina rawar ɗari, wani lokaci in ga kamar har yanzu tsere nake yi, tuta tana matsawa gaba.

Gidan likita na Maraɗi ya fi ƙauyenmu yawan mutane. Wasu a baranda, wasu a gindin itatuwa da tukwanensu. Muka yi kwanaki muna bin sahu, kullum a ce gobe, don lokotoro, wato likitan, guda ne kuma yana wurin fiɗa. Ranar da ya gan ni, Nasara ne siriri mai jajayen idanu don gajiya. Ya danna ƙwaurin, yatsansa ya bar rami. Ya sunkuya ya shinshina. Sa'an nan ya sa gefen hannunsa a saman gwiwata, ya ce kalma guda: "Kupe."

Ban san Faransanci ba, amma ban jira tafinta ba. Kalmar nan ta zauna mini a kunne har yau. Tafinta ya ce, "Ya ce a yanke daga nan. In an bari, ruɓar za ta hau ta kashe shi."

Baba ya cire hula ya durƙusa a ƙasa. Ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba in ba a salla ba. Ya ce, "Hwaɗa mai manomi ne. Bai san komi ba sai hauya da dabba. Mai ƙafa guda a ƙasarmu bara shika yi. Shi gwada wani abu tukuna, in ya ƙi, Allah ya gani mun yi."

Lokotoro ya dube shi. Sai ya ɗauko alƙalami ya zana zobe da tawada kewaye da cinyata, sama kaɗan da inda jan kumburin ya tsaya. Tafinta ya ce, "Zai tsaga ya fitar da mugunya, kuma akwai wata sabuwar allura, kaɗan gare shi, zai ba shi. Amma ran da ja ya ƙetare wanga zane, ba sauran magana."

Aka tsaga ƙafar wuri uku, aka ɗaure ta miƙe a jikin katako. Allurar kuwa safe da yamma, har mazaunaina suka yi tauri kamar dutse. Wankin ciwo kullum da safe, ana cusa tsumma cikin ramin ana zarowa, ina cizon bakin tabarma. Guzurinmu ya ƙare tun makon farko, kuɗin karsana ya bi shi. Baba ya shiga ƙwadago a gonakin gyaɗa na mutanen Maraɗi. Ya bar tasa gonar ciyawa tana ci, ya zo yana nome ta wasu don ya sayo mini fura. Da asuba kafin ya fita zai ɗaga mayafina, ya ɗora ɗan kara tsakanin jan da zanen ya auna, ya mayar da mayafin, ya tafi. Ni kuwa ina karanta fuskarsa. Kullum karan yana raguwa. Da azahar ya dawo, ya ba ni abinci, ya kwashe tsummokaran ya kai rijiya ya wanke.

Kusa da ni akwai wani mutum da mota ta take, aka yanke masa ƙafa bayan zuwanmu. Ina kallo dungulmin ya warke, aka ba shi sanda, 'yan'uwansa suka tafi da shi gida. Ni kuwa ina nan, ba gaba ba baya, na rame har ina ƙirga haƙarƙarina.

Wajen mako na biyar sai ga Kawu, ya biyo masu kawo dabbobi kasuwa. Ya gaishe mu, ya zauna, yana ta kewaye-kewaye: an yi ruwa, Gwaggo na gaisuwa, maigari ya tambaya. Na ce, "Kawu, Habsu fa?"

Ya dubi Baba, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Sai haƙuri, Isuhu. Ita da sauƙi, tana tashi. A gona ta hwaɗi, wurin maimai, da rana tsaka. Kahin a kawo ta gida cikin ya zube. Namiji ne. Bai zo da rai ba."

Na tambayi gonar, ban san ma dalilin da ya sa na tambaya ba. Ya ce rabi sun nome, rabi ƙarangiya ta cinye.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na kwanta ina kallon ƙafar nan ɗaure a katako, baƙa, mai wari, na ji na tsane ta kamar ba tawa ba. Ta ci akuya, ta ci karsana, ta ci gona, yanzu ta ci ɗana, kuma ba ta ƙoshi ba. Jan kuwa saura faɗin yatsa ya taɓa zanen. Da lokotoro ya zo zagayen yamma, na ɗaga jiki na kama bakin rigarsa. Na sa gefen hannuna a cinyata kamar yadda ya yi, na ce, "Kupe. Kupe!" Na ce da tafinta, "Hwaɗa mai na yarda. Shi yanke gobe, in warke, tsohon nan shi koma gida. Na gaji. Wallahi na gaji."

Sai na ji an kama hannuna an cire daga rigar. Baba ne. Ya tsuguna a gabana, fuska da fuska, ya ce, "Kai. Dube ni."

Na dube shi. Tun da aka haife ni ban taɓa kallon cikin idonsa ba.

Ya ce, "Karsana ta tahi. Gona ta tahi. Jikana ya tahi. Duk ba su dawowa, ko an yanke ko ba a yanke ba. In ka ba su ƙafar nan, mi muka zo yi? Mi zan ce ma yarinyar can ta hwaɗi dominshi? Ja bai taɓa zane ba. Ran da ya taɓa, ni da kaina zan riƙe ka a yanke. Kahin nan, ba kai ka gaji ba, ni ba ni gaji ba."

Tafinta bai fassara ba, lokotoro ma bai nema ba. Ya duba zanen, ya gyaɗa kai, ya wuce gado na gaba. Sai a lokacin kuka ya zo mini, na yi shi kamar yaro, Baba yana riƙe da hannuna bai saki ba, Kawu ya tashi ya ba mu wuri.

Jan ya tsaya a wurin kwana da kwanaki, bai hau ba bai sauka ba. Allurar ta ƙare, muka zauna jiran wata daga nesa, hanya kuma ruwa ya yanke. Waɗannan kwanakin ba na cin abinci sai Baba ya matsa. Wata safiya wurin wanki, ma'aikacin ya zaro tsumma sai ga guntayen kurkunun sun biyo shi, fari-fari, a ruɓe. Washegari wasu suka fito. Bayan nan zazzaɓi ya sauka. Da Baba ya ɗora karansa, sai ya ga bai kai ba, ya fita ya karyo wanda ya fi tsawo. Ranar na ga haƙoransa.

Da aka kwance katakon, ƙafar ta zama kamar sandar makiyayi. Na yi ƙoƙarin lanƙwasa gwiwa, ta ƙi. Lokotoro ya sa tafinta ya gaya mini mugunya ta shiga gaɓar ta cinye ta, ba za ta sake lanƙwasuwa ba har abada. Ya ce ya san haka tun farko, shi ya sa ya ɗaure ta miƙe, don miƙaƙƙiya ana taka ta, lanƙwasasshiya kuwa sai dai a ja. Na gode masa, kuma har yau ina gode masa. Amma da na fita baranda na ga wasu yara suna tsere zuwa rijiya, sai na juya fuska bango.

Mun koma gida ana girbi. Habsu ta tarbe ni a ƙofar gida, ta rame kamar ba ita ba. Ta dubi ƙafar, ta dubi sandar hannuna, ta ce, "Sannu da hanya." Na ce, "Sannu da gida." Da yamma ta kai ni bayan danga ta nuna mini ɗan tudun da aka yi. Hatsin da aka samu bai kai rabin rumbu ba. Bazarar shekarar mun ci ganye da dusa, Inna ta sayar da tasoshin aurenta aka biya lanho, wato haraji. Na koyi tufkar igiya da saƙar tabarma, aikin da ake yi a zaune.

Da na samu ƙarfi na hau jaki na kai wa majo igiyar guga don godiya. Shi ya gaya mini abin da ban sani ba, kuma shi nake son mai karatu ya riƙe. Ya ce kurkunu daga ruwan tabki ake shan sa, ya kwanta a jiki shekara guda kafin ya fito. Ya ce a tace ruwa da ƙyalle mai kyau, mai kurkunu kada ya shiga tabkin da ake sha. In ya fito a bi shi a hankali, kullum ɗan kaɗan, kada a ja, kada a yi gudu ko aikin ƙarfi da shi. In ya tsinke, kada a tsaya sakiya da kashin shanu, a nemi likita tun ƙafa ba ta yi wari ba. Da na san wannan, da kwanakin da muka ɓata a gida ba mu ɓata su ba.

Damana ta zagayo, aka yi shuka, hatsi ya tsiro da kyau. Sai Baba ya fara ɗingishi. Inna ta duba, kurkunu ne, ba guda ba, a ƙafafu duka biyu. Na tambaye shi inda ya sha ruwan tabki, mu da muke da rijiya. Ya ce, "Hanyar Maraɗi. Salka guda ce, ruwan rijiyar da ke ciki na mara lahiya ne."

Ni na karɓi jinyarsa. Kowace safiya in zauna in miƙe ƙafata gefe, in ɗora tasa a cinyata, in jiƙa ciwon, in naɗe tsinke a hankali, da na ji ya yi tauri in tsaya. Yana ƙin abin, yana kau da kai, amma yana bari.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, kowa ya fita maimai. Na fito na tarar Baba ya ɗaure ƙafafunsa da tsummoki, ya jawo hauya daga bayan ɗaki, yana dafa bango zai fita. Inna tana roƙonsa, bai saurare ta ba. Na ja jiki na riga shi zuwa bakin ƙofar gida, na zauna a ƙasa, na gitta ƙafar daga wannan dogarin ƙofa zuwa wancan.

Ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Janye."

Na ce, "Ba ta janyuwa, Baba. Gabanka lokotoro ya hwaɗa."

"Ciyawa za ta cinye hatsi. Bara ba mu ci ba, bana ma kar mu ci?"

"In naka ya tsinke, wa zai kai ka Maraɗi? Ni?"

Ya dubi ƙafar. Ba zai tsallake ƙafar mutum ba, kuma ko ya so, nasa ba za su ɗagu ba. Ya daɗe a tsaye, hauya a hannunsa. Sa'an nan ya sulale ya zauna a gindin danga, ya sunkuyar da kai.

Na kama dogari na miƙe, na ɗauki hauyar daga hannunsa. Hauyarmu mai doguwar ƙota ce, a tsaye ake tura ta, ba a sunkuyawa. Ban taɓa gwada ta ba tun da na dawo. Na dogara da ita a maimakon sanda, na fita ina jan ƙafa, Habsu ta biyo ni da tata hauyar da gorar ruwa. Da na waiga daga bakin hanya, Inna ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofa, ta zauna daidai inda na tashi.